Ƙullin Igiyar Alhaji Bala

Duk wanda ya zauna Ƙofar Gayan ya san Alhaji Bala ba ya fita sai da abu uku: hula, carbi da igiya. Hular yakan manta da ita. Carbin ma na sha tsinto masa a masallaci. Amma igiyar nan, wadda tsufa ya mai da ita ruwan ƙasa, ko wanka zai shiga tana rataye a ƙofar banɗaki. Kome ka nuna masa, ragon layya ne, katifa ce, sai ya sa hannu a aljihu ya ce, "A auna tukuna."

Ni taubashinsa ne, mahaifiyarsa Goggona ce, don haka abin da zan faɗa yau ba wanda zai kai ni ƙara. Karatuna aji uku ne, ajin ukun ma sau biyu na yi shi. Shi kuwa ya yi aiki a ma'aikatar gona, da ya yi ritaya ya koma gonar gado ta bayan ganuwa. Ya sa masu walda suka ƙera masa tirela irin wadda tarakta ke ja, daidai faɗin lungunmu. Saura motar da za ta ja ta. A nan muka shekara huɗu.

Igiyar tana da ƙulli guda. Daga bakinta zuwa ƙullin, shi ne faɗin inda lungun ya fi tsukewa, tsakanin bangon masallaci da dakalin Malam Tanimu. Motar da ta wuce ƙulli ba ta Alhaji ba ce.

Dalilin wahalar kuwa Goggo ce. Ta tsufa, idonta ya tafi. Kowace kaka motar haya kan zube masara a bakin titi, a yi kwana biyu ana shigo da ita a baro, buhu ɗai-ɗai, shiru kamar kayan sata. Ita kuwa ta saba da zamanin mijinta, jakai su cika ƙofar gida, a jibge buhuna a zaure, ta zauna ta fitar da zakka ta raba wa maƙwabta da hannunta.

"Bala," ta ce, "ana ce mini kana noma, ni ban ji ba. Ina so in ji amfanin gona ya iso ƙofar gidan nan kafin in tafi."

"Inna, ana kan aunawa."

"Kai kana auna mota, ni ana auna kwanana. Mu ga wa zai riga gamawa."

Motoci biyu yake zawarci a wajen Ɗanjuma dillali, manyan akori-kura masu shan dizal, ɗaya fara ɗaya ja. Bai yarda da takardar mota ba. Kofin shayi yake ɗorawa a kan bonet ya sa a tayar da inji, in shayi ya zuba ya girgiza kai. Sai ya zagaya baya ya tsuguna yana shinshina hayaƙin salansa kamar mai sayen turare.

Babban gwajin shi ne a ɗaura tirela a hau tudun hanyar gona. Da yake ba ya son a jigata masararsa, mu 'yan majalisarsa ta hira yake lodawa. Kowa da kimarsa. Liman buhu ɗaya, Malam Tanimu buhu ɗaya, ni buhu ɗaya da rabi.

"Alhaji, ni da nake kamar sillen kara?"

"Rabin na surutu ne, Garba. Hau."

Farar ba ta shan mai, amma da ta kama tudu sai ta hau haki, mu sauka mu tura. Jar kuwa ta haye kamar ba ta ja kome ba, sai a gangara tirela ta fara tura ta, birki ya ce ba da shi ba. Ranar na ji Liman yana karanta addu'ar da ban taɓa jin ta a masallaci ba. Da muka tsaya cikin gonar rogon wani, Alhaji ya sauko, ko gezau.

"Kun gani? Ja ba wuya. Tsayawa ita ce mota."

Sai mako ya zagayo ya ce wataƙila ranar iska ce ta yi wa farar yawa, a sake. Ɗanjuma ya kai in ya hango mu sai ya shige bayan wata bas. Sau uku yana sayar da motocin yana kawo irinsu, Alhaji bai fasa ba.

A shekara ta huɗu, ana gab da girbi, aka kawo wata baƙa. Tayoyinta na baya huɗu ne, bibbiyu kowane gefe, ta yi ƙugu kamar tukunyar biki. Shayi bai motsa ba. Ta hau tudu da mu goma sha biyu, a gangara ta tsaya cak. Da aka bar ni na shiga gaba na ji kujera, ga sanyi yana busowa, sai ciwon bayan da na yi shekaru ina fama da shi ya yi shiru.

Igiya ce alƙalin ƙarshe. Alhaji ya ciro ta, sai aka kira azahar. Ya miƙo mini ya ce in riƙe, ya tafi alwala. Na duba hagu, na duba dama, na auna ƙugun motar da kaina. Ta wuce ƙulli da yatsa huɗu.

Jama'a, na kwance ƙullin na matsar da shi.

Na daɗe ina gaya wa kaina don Goggo na yi. Gaskiya rabi don Goggo ne, rabi don kujera.

Da aka idar da salla ya auna, ya sake aunawa, ya ce alhamdulillahi, ya biya kuɗin mota. Ɗanjuma har ya yi ƙwalla.

Ranar da aka kwaso masara, buhu arba'in a tirela, Alhaji yana tuƙi ina gefensa kamar hakimi, muka shigo lungu bayan la'asar. Kan mota ya wuce dakali lafiya. Sai muka ji ƙuuu. Ƙugu ya cije, bango a dama, dakali a hagu. Gaba ta ƙi, baya kuma tirela ta karkace ta tokare. Ga zauren gida muna hangensa, bai fi taku talatin ba.

Alhaji ya sauko, ya ciro igiya, ya auna lungu. Ƙulli ya wuce lungu. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ɗago.

"Malam Tanimu, ka ƙara wa dakalin nan yaɓe?"

"Ni? Rabon dakalin nan da yaɓe tun auren babbar 'yata."

Na yi wuf na ce, "Ai lungu ma yakan rame, Alhaji. Zamani ne."

Ya dube ni. Ya koma mota ya taka mai sau uku, injin ya yi ruri har tantabarun unguwa suka tashi, ya danna oda. Sai ga muryar Goggo daga zaure.

"Wane ne wannan yake neman rushe mana gari?"

"Masararki ce, Inna."

Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar zaure. Majiya ƙarfin unguwa suka riƙa haurowa ta kan motar da buhuna a baya, suna jibgewa a gabanta, tim, tim, tana shafa kowanne tana dariya da bakin da ba haƙori. Ni na laɓe gefe ina dafe da ƙugu. Alhaji ya yafito ni.

"Garba, bakwai naka ne."

"Alhaji, bayana."

"Ai na ga kujera ta warkar da shi."

Na ɗauki bakwai. Sati biyu ina salla a zaune.

Goggo ta sa aka kwance buhu, ta fitar da zakka, ta kira gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa kowa, "Kun ji muryar motar? Ta fi jakan marigayi maigidana." Motar kuwa sai da aka fasa kusurwar dakali ta fita. Alhaji ya sake gina shi da hannunsa, ya rage masa yatsa huɗu, Malam Tanimu yana mita wai an rage masa wurin miƙe ƙafa. Kafin wata kakar Goggo ta rasu.

Shekara shida ban faɗa wa kowa ba. Da ciwon Alhaji ya yi nauyi bana, na je duba shi, ya sa aka fita aka bar mu. Ya zaro igiyar daga ƙarƙashin matashi ya nuna mini wani wuri fari tas, kusa da ƙullin, inda datti bai taɓa shiga ba.

"Gurbin tsohon ƙulli. Tun a lungu na gan shi."

Na ce da shi:

"Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Na so. Sai na ji Inna tana dariya." Ya huta kaɗan. "Da ba ka taɓa shi ba, da har ta tafi ina shinshina salansa. Amma Malam Tanimu ka je ka nemi gafararsa da kanka, ni na nemi tawa." Ya danƙa mini igiyar a hannu. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za a auna ni, kada a bar ka kusa da karan awon."

Malam Tanimu, ga ni na faɗa a gaban kowa, ka yafe mini.

Ranar jana'iza na bi wasiyya, na tsaya nesa, hannuna a aljihu ina riƙe da igiyar. Ƙullin yana nan inda na sa shi, bai taɓa mai da shi ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Bala, ya sada shi da Goggo. Ya Allah, mu yatsa huɗu muka iya ƙarawa. Kai ka yalwata masa kabarinsa iya ganin ido, ba tare da awo ba. Amin.