Mai Ɓeraye a Tashar Safana

Motar Katsina ta ƙi cika, ga rana ta take. Kaka Hansatu tana zaune a gidan gaba na motar, tana kallon wata doguwar yarinya mai tabarau wadda ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Yarinyar ta duba agogo, ta leƙa titi, ta dawo ta tsuguna gaban wani akwatin roba mai huji-huji.

Direba ya kai hannu zai jefa shi a but.

"Kar ka taɓa, Malam! Zafi zai kashe su."

"Su wa?"

"Ɓeraye."

"Ikon Allah! Mu muna ɗana musu tarko, ke kina kai su birni a mota?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce na binciken makaranta ne, hutu ya sa ta zo da su gida. Abinci ɗaya suke ci, amma wasu kitse ya cika musu jini, wasu kuwa ƙalau. Gado ne, in ji ta. In suka mutu a hanya, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Kaka Hansatu ta taɓe baki. Ita da man shanu ta tsufa, ko gezau. Ƙanenta Rabe, siriri kamar kara, shi ya yanke jiki ya faɗi a gona, bai sake tashi ba. Wataƙila yarinyar ma an yi mata irin wannan rashi, don mutum ba ya yi wa ɓera wannan rawar jiki haka kawai.

Yarinyar ta juye sauran ruwan shanta a tawul ta lulluɓe akwatin, leɓenta a bushe.

Kaka Hansatu ta sauko daga gidan gaba.

"Ke 'yar nan, shiga nan da 'ya'yan naki. Nan iska ta fi kaɗawa."