Abin da Baba ya ce a kan zangarniya

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa na koma ƙauyenmu, kusa da Attantane, ba aikin fari ba na baƙi. Da damina ta faɗi sai ga wani poroje ya zo da sabon irin gero, an shuka shi a ƴar gonar gwaji bakin hanya. Da yake ni kaɗai ke jin Faransanci a garin, aka ɗauke ni tafinta. Na riƙa yawo da kaye, littafin rubutuna, a hammata kamar ni na kawo irin.

Da geron ya ƙosa, injiniyan porojen ya zo daga birni don ya ji ra'ayin manoma kafin a raba irin baɗi. Matashi ne mai fara'a, riƙe da takarda mai gida huɗu: saiwa, kara, ganye, sai abin da suke kira epi, wato kan gero. Kowane gida ɗan tsito ne, kalma biyu ta cika shi.

Aka ce Baba, mahaifina, ya yi magana, don duk garin an san shi da sanin hatsi. Ya shiga gonar ya karyo zangarniya ɗaya daga sille, ya murza ta a tafin hannu, ya ce mini:

"Kai, hwaɗa mishi da kyau. Wagga zangarniya sakakkiya ce. Dubi, yatsana na shiga tsakanin tsaba. Tamu ta geron zango matsattsa ce, ko allura sai ta yi da gaske. Kuma na bi geron nan tun yana ciki. Ya hidda kai da wuri, ya yi bununi daidai lokacin da malam-buɗe-littafin murzuna ke tashi. Bana ta ƙyale shi don gonar ƙarama ce, tsakanin namu. In gari duka ya shuka shi, tsutsa za ta shiga tun bai sa ido ba, soshiya za mu girbe."

Na ji kowace kalma. Bununi shi ne garin nan mai ruwan ɗorawa da ke lulluɓe zangarniya kafin tsaba ta fito. Soshiya kuwa zangarniyar da ba ƙwaya a jikinta, murzuna kuma tsutsar da ke cin zangarniya. Da su na tashi. Amma da na juya wajen injiniya sai na rasa Faransancinsu. Shekara goma sha uku ina zaune a kan benci, na haddace sunan kowane sashe na furen itacen da ban taɓa gani ba, na zana shi da bik ja da shuɗi, an ba ni lamba mai kyau. Babu mushe ko ɗaya cikin malamanmu da ya taɓa shigo da zangarniya aji ya ce wannan garin da kuke kakkaɓewa daga riga, shi ne abin da ke cikin littafi. Ashe kalmar tana cikin kayena, ban san ita ce bununi ba.

Injiniya ya dubi agogo. Na ce masa da Faransanci, "Ya ce epi ɗin ba shi da kyau."

Ya yi dariya. "Ko'ina haka tsofaffi ke cewa." Ya ja ɗan layi a gida na huɗu.

Baba ya dube ni. "Duk maganar da na yi, ita ce wannan ƴar guntuwa?"

"Baba, Faransanci ba ya da tsawo," na ce. Har yau in na tuna wannan ƙarya sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan wata biyu na kai wasu takardu ofishin porojen a Mayahi, na tarar da rahoton a kan tebur, na karanta a tsaye. An rubuta cewa manoman yankin ba su da kalmomin bayyana sassan tsiro, ƙin sabon iri kuma son al'ada ne kawai. Mutumin da ke da suna ga kowace gaɓa ta kara, wanda ke bambanta geron da ya yi ciki da wanda ya kusa fid da kai daga bakin gona, shi aka ce ba ya da kalmomi! Amma na mayar da rahoton inda na same shi na fita, don ina son a sake ɗaukata baɗi.

Aka raba irin. Kusan kowa ya karɓa, ni kuma na matsa wa Baba har ya ba da gefen gonarsa ta arewa. Ruwa ya yi kyau a shekarar. Geron ya fid da kai fes, ya yi bununi, murzuna ta sauka. Duk zangarniyar da ka ɗaga sai ka ga tsutsa ta yi mata hanya tana zagayawa daga gindi zuwa tsini, tsaba na zuba kamar dusa. Maƙwabcinmu da ya shuka gonarsa duka, kafin sanyi ya wuce ya sayar da bijiminsa na amalanke a kasuwa.

Na cika buhu da waɗannan zangarnu na hau mota zuwa Mayahi. Na juye su a kan teburin ofis, ƙaiƙayi ya tashi. An riga an ɗauke injiniyan zuwa wata jiha, wani ne sabo a kujerar. Na yi masa bayani dalla-dalla, wannan karon da kalmomin littafi, don na kwashe watanni ina tono su ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce bayanin ya yi ma'ana ƙwarai, ina na karanta shi?

Na ce, "Ubana ya faɗa muku shi bara, a gaban mutum arba'in."

Ya ce babu shi a rahoto. Ya kira mai shara ya kwashe zangarnun.

Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, da ma ya yi. Abin da ya yi shi ne ya daina magana a taro. Poroje nawa suka zo bayan nan, na itace, na wake, na taki. Yakan je, ya zauna can baya a kan takalminsa. In maigari ya ce, "Malam, ba ka ce komi ba," sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ku tambayi ɗan lakwal."