Saitin Yaya Barau

A wani shagon kwamfuta a bakin kasuwar Ajingi, Malama Suwaibatu na tsaye tana jiran a mayar mata da tambayoyin jarrabawar Islamiyya zuwa PDF. Mai shagon dogo ne siriri, hularsa ta koɗe. Kujera biyu ce a gaban teburin, ɗaya ba kowa sai wani tabarau mai kauri. Ta raya a ranta, wannan bai saba zama shi kaɗai ba.

Duk takardar da ya buɗe, manhajar na fito da rubutun ɓaro-ɓaro, shafi ɗaya ya zama uku. Sai ya shiga saiti ya rage girman haruffa. Kwamfutar ta tambaya ko a bar gyaran dindindin, ya danna a'a. Takarda ta gaba ya sake daga farko, ko tsaki babu.

"Malam, ka bar gyaran mana, ka huta," in ji ta.

"Yaya Barau ne ya saita, Malama. Ba ya gani sosai."

"Ai sai ya mayar in ya zo."

Ya dubi kujerar. "Ya rasu da azumi."

Ta yi masa ta'aziyya. Ya amsa a hankali, ya sake danna a'a.