Taki Guda a Taransifomar Unguwarmu

Jiya da hantsi ina tsaye da jarkata a burtsatsen unguwarmu nan Goronyo, injin sai gurnani, ruwa ya ƙi hawowa. Sati uku ke nan wuta ba ƙarfi. Ruwan gulbi muke sha, har autata ta kwanta da ciwon ciki.

Sai ga wani dattijo ma'aikacin lantarki. Ya kashe taransifoma, ya murɗa wani abu a kanta, ya kunna, ya auna. Ruwa ya ɓarko!

Na ce, "Baba, mi zai hana ka ƙure muna ita?"

Ya yi dariya. "Ɗiyata, taki guda ya isa. In na ƙure, injin ƙonewa za shi yi."

Ko sunanshi ban tambaya ba. Wanda ya san shi, don Allah ya kai mashi godiyata.