Kaset-kaset ɗin Baffa Ummaru da Waƙar Matan Fakku

Shekara goma sha biyar ke nan, a cikin wannan wata na Safar, da rasuwar ƙanen mahaifina, Baffa Ummaru. A Tambuwal an fi saninsa da Malam Ummaru Mai Rikoda, shi kuwa bai taɓa nuna sunan ya dame shi ba. Ina 'yar firamare ya rasu. Yau ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, kuma kusan duk littafin da na buɗe sai na tuna da shi. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Amma akwai abin da ya daɗe yana cin raina game da aikinsa, na ga gara in rubuta shi.

Malamin kwaleji ne, yana koyar da Hausa. Ranakun da ba ya aji kuwa, sai ya ɗaure rikodarsa a bayan babur, ya cika aljihu da batir da goro, ya nufi ƙauyuka: Jabo, Kebbe, Fakku, da rugagen da ke tsakani. Tsofaffi yake nema. Yana tambayarsu daga ina kakanninsu suka taso, me ya tashe su daga kufaifan da har yanzu ake tsintar tsingaro a cikinsu, yaya ake kiran abubuwa kafin rediyo ya koya mana Hausar Kano. Ya ɗauki kirarin maharba, da waƙoƙin niƙa, da labarin maƙera, da addu'o'in roƙon ruwa irin na da. Da wannan ya yi niyyar rubuta kundin digirinsa na uku. Ɗakinsa na zaure cike yake da kwalaye, kowane kwali cike da kaset.

Abokan aikinsa sun sha ce masa ya zauna ya juye abin da ya ɗauka a takarda. Amsarsa ɗaya ce kullum: takarda tana jira, tsoho ba ya jira. A ganinsa duk yinin da ya ɓata yana rubutu, wata tsohuwa ce za ta mutu da abin da ke bakinta. Sai ya yi ta tarawa, yana cewa in ya yi ritaya zai zauna. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan wata tafiya da ruwa ya doke shi a hanya, bai tashi ba. Ashe shi ma ba a jira shi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin yanke wa kowa hukunci.

Bayan sadakar bakwai, manyan gida suka shiga ɗakin don su ga abin da ya bari. Wani ya ɗauki kaset ɗaya ya sa. Allah ya sa aka faɗa kan garaya, da muryar wata mata tana kiran sunayen iskoki. Aka cire, aka sa wani, sai ga kalangu. Aka kashe rikodar. Mutanen nan suna ƙaunarsa, kuma abin da ya zo musu a rai shi ne mutum yana kwance a kabari, ga kiɗa da zancen mutanen ɓoye da ya tara da hannunsa, duk wanda ya saurara alhakin yana komawa kan mamacin. Matarsa, Inna Hajo, ta yi kuka a kan wannan fiye da yadda ta yi ranar jana'iza. Wasu suka ce a ƙone. Ita ce ta ce a'a, guminsa ne, kada a ba wuta. Ta kawo shawarar da kowa ya yaba: a kai wa mai ɗaukar kaset a kasuwa ya shafe su, ya ɗora karatun Alƙur'ani, a raba sadaka, ladan ya riƙa isa gare shi.

Haka aka yi. Aka raba wa masallatai, da masu shaguna, da masu shayi, da direbobin bas na hanyar Sakkwato. Shekaru bayan nan, in na shiga mota za ni makaranta, nakan ji karatu yana tashi, direba ya ce, “Wannan sadakar Malam Ummaru ce, Allah ya jiƙansa,” fasinjoji su amsa da amin. Ni ma ina amsawa, har da alfahari. Sai da na shiga jami'a, na ga yadda malamanmu ke nema, ruwa a jallo, su sami magana ɗaya ta tsohon da ya ga wancan zamani da idonsa, sannan na gane abin da ke ƙarƙashin wannan karatu. Hausawa na cewa gyaran gangar Abzinawa, a je gyara a ɓata. Amma ban taɓa iya faɗin wannan karin maganar a gidanmu ba, don na ga fuskar Inna Hajo ranar da aka kawo kwalayen daga kasuwa. Ranar ce ta fara cin abinci sosai.

Na nemi kaset-kaset ɗin. Yawancinsu sun bi shara tun da waya ta kashe rikoda. 'Yan kaɗan da na samu wurin wani tsohon direba na saurare su daga farko har ƙarshe, gaba da baya, ko zan ji ɓurɓushin wata murya. Babu. Mai ɗaukar kaset ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Nakan tambayi kaina me Baffa zai ce da ya ga yau. Wayar da ke hannuna tana iya ɗaukar abin da kwalayensa duka suka ɗauka, ba batir ɗin saye, ba zaren da zai harɗe. Na san da ya yi ta juya ta yana dariya kamar yaron da aka ba sabuwar riga. Amma wa zai ɗauka? Injin niƙa ya shiga kowane ƙauye, dutsen niƙa ya zama abin tare ƙofa, waƙar da ake yi a kansa ta bi shi. Kufaifan da yake zagayawa an nome wasu, wasu an kwashe ƙasar ganuwarsu an yi bulo. Hanyoyin da yake bi shi kaɗai har faɗuwar rana, yanzu sai an tambaya an sake tambaya kafin a hau su, wasu ƙauyukan ma mutanensu sun watse saboda rashin tsaro. Mu kuma ɗaliban yau, da yawa daga cikinmu muna rubuta tarihin garinmu daga abin da wani ya kwafo daga wani, ba mu taɓa zama gaban tsoho ba. Lokacin da akwai baki ba kayan aiki, yanzu ga kayan aiki baki ya rufe. Ina jin da goronsa kawai zai ɗauko ya tauna.

Da na zaɓi yin bincikena a kan tashin garuruwan kudancin Kebbe, Inna Hajo ce da kanta ta ba ni suna. Ta ce akwai wata tsohuwa a Fakku, Tumba, da takan aiko wa Baffa daddawa kowace kaka, kuma ta ji tana nan da rai. Ta ce ya fi darajanta kaset ɗinta a kan saura. Wata doguwar waƙar niƙa ce ta matan zuriyarsu, uwa ke ba ɗiya, wadda ke jera wuraren da mutanensu suka zauna tun daga tsohon kufai, rijiya bayan rijiya, da sunayen matan da suka haihu a kowane zango. A bakin Tumba kaɗai ta rage. Inna Hajo ta faɗa mini wannan hankalinta kwance. A wurinta waƙa waƙa ce, in an shafe ta a kaset ai tana nan a bakin mai ita.

Sai bayan kaka hanya ta yi dama, yayana ya kai ni a babur. Na sami Tumba a inuwar rumbu, idanunta sun tafi, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaishe ta, muryata ƙasa-ƙasa kamar kullum.

“Ɗiyar wa ta wagga, mai magana kamar sauro?”

Na ce ɗiyar wan Malam Ummaru ce, na Tambuwal.

“Mai akwatin magana? Af! Matso in taɓa ki, ƙawata. Mijina na fa, ya yi ta yi min alkawarin zane har yat tafi bai kawo ba. Ke za ki biya?”

Na ce zan biya. Ta yi dariya har da tari, ta yi masa addu'a mai tsawo. Da na ga ta sake, sai na ajiye wayar kusa da ita, na ce waƙar na zo ta maimaita mini.

“Wace waƙa? Ai na ba shi. Yini biyu muna zaune nan, har muryata tad dushe. Ɗiyana ba su so, sun ce zancen jahiliyya na. Sai Allah ya kawo shi, nis sauke mishi ita duk. Wa ka komawa ɗaukar kayan da yas sauke? Tun ran nan ban ƙara bi ta kanta ba, nik kama tazbahata.” Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. “Tana nan dai wurinku ko?”

Da zan iya cewa e, da na faɗa. Yayana ya taɓa ni da ƙafa, na san abin da yake nufi. Amma na zo ne neman gaskiyar abin da ya wuce, ban ga yadda zan fara da yi wa mai ita ƙarya ba. Na gaya mata komai, kaina a ƙasa, tun daga garaya har direbobin bas.

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. 

“Wace sura anka aza bisa tawa?”

Na ce ban sani ba.

“To, ba ta faɗi ƙasa ba. Ƙarƙashin maganar Allah take kwance. Ni ma haka nika fata.” Ta share baki da gefen zane. “Kunna abin naki mu gani.”

Ta gyara zama, ta miƙa hannu biyu gaba kamar mai riƙe da ɗan dutsen niƙa, ta fara kai su tana kawowa, don ta ce waƙar ba ta fita sai jiki na motsi. Murya ta fito siririya. Ta ambaci rijiya ta farko, wadda ke gindin tsamiya, da matar da ta haifi tagwaye a can. Ta ambaci ta biyu. A ta uku sunan matar ya ƙi zuwa. Ta koma farko, ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Hannuwan suka ci gaba da niƙa, bakin yana motsi ba sauti. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Can ta sauke hannu a cinya.

“Ta tafi, ƙawata. Ta bi mijin nawa.”

Na koma Fakku bayan haka, na kai mata zanen, na gwada safiya na gwada yamma, ko za ta faɗo mata. Ba ta wuce rijiya ta uku ba. Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

Yanzu in na auna abin da ya rage na Baffa Ummaru, sai in rasa a wane ma'auni zan sa shi. A ma'aunin jami'a bai bar komai ba: ba kundi, ba maƙala, sunansa ba ya cikin jerin manazarta na kowane littafi. Wanda zai yi bincike a yankin nan nan gaba ba zai ma san an taɓa yin wani mutum da ya riga shi ba. A ma'aunin gidanmu kuwa ya bar abin da ba kowane mamaci ke samu ba, shekaru ana jin karatu da sunansa daga Tambuwal har Sakkwato, baƙin da ba su san fuskarsa ba suna nema masa gafara. Ba ni da ilimin da zan ce wannan bai fi wancan ba, kuma ba na fatan a rage masa ko ƙwayar lada ɗaya. Abin da na sani kawai shi ne matan nan da aka jera sunayensu a waƙar, waɗanda aka riƙe su baki da baki tsawon zamanai, a hannunmu suka mutu mutuwa ta biyu, kuma ƙauna ce ta binne su. Ga masu irin wannan ajiya a ɗakunan iyayensu, kaset ne ko tsofaffin takardu, roƙona ɗaya ne: kafin ku yanke shawara, ku nemi wanda ya san abin ya saurara tukuna. Sadaka tana da ƙofofi da yawa.

Abin da na samo a Fakku yana cikin babi na uku na kundina: rijiya uku, mata biyu, sai dogon shiru da ba a jin komai a cikinsa sai kukan awaki da numfashin tsohuwa. Malamin da ke duba aikina ya saurara, ya ce in yanke shirun tunda ba bayani a ciki. A karo na farko tun da na shiga jami'a na yi wa malami musu. Na ce masa wannan shirun shi ne sauran waƙar, kuma iyakar abin da ya iso gare mu ke nan.

Allah ya jiƙan Baffa Ummaru, ya karɓi sadakar da aka yi dominsa, ya jiƙan matan da ba mu ƙara sanin sunayensu ba.