Hoton da ke saman keken Gwaggo

Ranar wuni aka yi ana ruwa, har rufin ɗakin Gwaggo mai ɗinki ya yi yoyo daidai kan hoton mahaifinta.

Zanen fenti ne, mutum zaune da gemu, hannunsa a gwiwa. Tana cikin uwarta mahaifin ya rasu, don haka ba ta san fuskarsa ba sai a nan. Tana 'yar ƙarama Baffa, ƙanen uban, ya watso musu kaya waje ita da uwarta, ya riƙe gidan. Daga baya kakarta ta aiko mata da hoton. Ta tafi gidan aure da shi, auren ya mutu, ta dawo da abinta ta rataye saman keken ɗinki. Kullum da safe sai ta goge shi ta ce, "Baba, ina kwana." Maƙwabta har tsokanarta suke yi wai yaushe zai amsa.

Da ruwa ya ɗauke, ta naɗe hoton a zane, ta kai wa wata malama mai gyaran tsofaffin hotuna a gidan tarihi. Malamar ta cire firam, ta juya bayan hoton.

"Gwaggo, yaushe kika ce ya rasu?"

"Shekarar da aka haife ni. Ke dai gyara mini gemun da ya jiƙe."

"A kan buhun gari aka zana shi. Ga tambarin kamfanin, kuma kin yi wayo kafin a buɗe kamfanin nan."

"To fatalwa ce ta zauna masa?"

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce sun san hannun mai zanen, kunnuwan da yake zanawa duk iri ɗaya ne. In aka kawo masa aikin mamacin da bai bar hoto ba, cewa yake a turo ɗan'uwansa ya zauna, ya ƙara gemu ko ya rage, shi ke nan.

Gwaggo ta dubi hannun da ke kan gwiwa. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake. Ta daɗe da ganinsa, tana cewa gado ne na 'yan'uwa. Hannun da ya jefo tukunyar uwarta titi ke nan.

"Ashe Baffa nake gaisarwa," ta ce. "Gidan bai ishe shi ba, sai da ya haɗa da gaisuwata."

"A gyara?"

"Ki gyara wa wanda yake so."

Ta ninke zanenta ta fito.

Hoton yana can a ɗakin ajiyar gidan tarihi. Gwaggo tana nan tana ɗinki, idon ya yi rauni, sai an zura mata zare. Ƙusar tana bango, ba ta rataya komai a kai ba.