Ƙarar da Ba Ta Son Gyara

Mai gyaran waya bai taɓa ganin dattijuwar nan ba. Tana zaune a bencin shagonsa, tabarau a karan hanci, guntun zare maƙale a mayafinta, yatsunta duk tabon allura. Ko ba a faɗa ba, a gaban keken ɗinki ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Ya sauya wa wayarta sifika, ya kunna waƙar da ke ciki don gwaji. Muryar wata budurwa ce mai sanyi, a kan tattausan kiɗan kwamfuta irin wanda matasa ke haɗawa a ɗakunansu. Amma can ƙasa akwai wani kat-kat-kat da ya ƙi tsayawa.

Ya ja tsaki, ya ɗauko sukudireba. "Mama, ki yi haƙuri, har yanzu da saura."

Caraf ta riƙe masa hannu. "Kai, ajiye ƙarfen nan! Kekena ne kake ji. Autata ce ta ɗauki ƙararsa ta yi kiɗa da ita. Shekara talatin yana ciyar da mu, yau kuma har rawa ake taka masa."

Ƙafarta na motsi kamar tana taka keken.

"Ƙaro murya, ɗan nan. Na waje ba sa ji."